Bawul Ɗin da Ba a Cire Ba

"Taka! Riƙe! Riƙe na ce, ba rawa ba!"

Yoandri ne ke ihu daga ƙarƙashin motar, ni kuma ina mazaunin direba ina taka birki. Kwanansa huɗu da dawowa daga Tampa ta Amurka, da sarƙar zinare a wuya da akwati cike da sabon birki na faifai, amma har ya fara koya min yadda ake fitar da iska daga bututun birki. Ni da na shekara biyu ina tuƙa motar nan, tun da idon ubansa ya mutu.

Uban, Baba Eulogio, maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya. Yana kwance a ɗakin da tagarsa ke kallon titi, huhu ya ƙare. Ban taɓa sonsa sosai ba. Tsoho ne mai baƙar magana, ko gaisuwa sai ya samo mata gyara. Amma motar, 'yar 1954, shekara arba'in tana hawa da sauka a tudun garinmu Santiago a hannunsa, ko kaza ba ta taɓa takewa ba.

Muryarsa ta fito ta taga, tana fita da ƙyar.

"Kun buɗe mastan birkin?"

"Tsoho, ka kwanta ka huta."

"A bakin mastan, inda man birki ke fitowa, akwai wani ɗan bawul, bai kai ƙwayar wake ba. Na tsohon birki ne, shi ke tare mai a cikin bututu. Faifai ba ya son haka. In ba ku cire shi ba, birkin gaba ba zai riƙa saki duka ba. Zai yi ta guga yana zafi har ya kama."

Yoandri ya leƙo da kai, ya ƙifta min ido. "Sau uku na kalli bidiyon, Tsoho. Ba wanda ya yi zancen wake."

"Motata ce a bidiyon?"

Tari ya cinye sauran maganar. Yoandri ya ci gaba da lanƙwasa bututunsa. Babban bawul na tagulla mai raba mai gaba da baya, ya ɗaura shi a inda duk wanda ya ɗaga bonet zai gani. Ya goge shi da rigarsa, ya ɗauke shi hoto.

Da yamma tsohon ya aika matarsa, Mama Nereida, ta kira ni. Ɗakin yana warin magani da tsohuwar taba.

"Zauna, Osmani. A'a, tsaya, ina jin warin baƙin mai a wandonka." Ya ja numfashi. "Motar nan ta raka ubana makabarta. Ni ma za ta raka ni, Nereida a gidan gaba. Gwiwoyinta ko shago ba sa kai ta. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Aikin rabin awa ne. Wancan ba zai ji ba, kansa ya cika da ƙasar waje. Kai ba ka da wayo, amma kana da kunne. Cire ɗan bawul ɗin."

"To, Baba."

Ban cire ba. So nake Yoandri ya shaƙi warin aikinsa da hancinsa, ranar da zai cika motar da abokansa zuwa bakin teku, ta tsaya masa a tsakiyar hanya kowa yana kallo. Na ɗauka tsohon zai ƙara wata guda. Irinsu ba sa mutuwa da wuri, don mugunta.

Ranar Alhamis da tsakar rana ya mutu. Mama Nereida ta kai masa kofi, ta koma ɗauko sukari, ta dawo ta tarar ya gama. Nan da nan gidan ya cika da mutanen da shekara guda ba su leƙo shi ba. Sun shanye kofin gidan kaf suna faɗin kirkinsa. Yoandri ya yi kuka mai ƙara, yana yi yana duba waya.

Washegari da safe, ranar jana'iza, na tuna da bawul ɗin. Na ce a raina, kilomita uku ne, za ta kai.

Motar gawa a gaba, ni da Yoandri da Mama Nereida a bayanta da furanni a kan rufin motarmu, jama'a a ƙafa, don babu mai a gari, babu wata motar. Gangara ce tun daga ƙofar gida, tafiyar kuma ta masu ƙafa, ƙafata ba ta sauka daga birki ba. Kafin mu kai kasuwa na ji warin ƙunar birki. Da hanya ta miƙe na taka totur, motar ta yi nishi kamar an ɗaure ta ta baya. Sai ta tsaya cak. Hayaƙi yana tashi daga tayoyin gaba.

Direban motar gawa ya leƙo. "Ina da wata gawar ƙarfe sha ɗaya, 'yan'uwa. Ba zan jira ba."

Yoandri ya fito ya harbi taya. "Kai me ka yi mata? Kayan Amurka ne fa, sababbi fil!"

Wani ya ce a watsa ruwa, wani ya ce a tura. Maza shida suka tura, ko motsi. Yoandri ya tare ɗan acaɓa ya haye. "Mama, bari in tsayar da su!" Bai waiwayo ba.

Hayaniyar ta yi gaba, aka bar ni da Mama Nereida a motar. Tana kallon gilashi ta yi magana.

"Ina bakin ƙofa ranar. Na ji ka ce masa to."

Sannan ta ce:

"Buɗe min ƙofar nan, ɗana."

Na zagaya na buɗe. Na miƙa mata hannu, ta kama ƙofar maimakonsa. Ta cire takalmanta ta riƙe, ta bi bayan jama'a tana dafa bangon gidaje. Gida bakwai ta wuce. A na takwas ta zauna a dakalin mutanen da ba ta sani ba, daidai lokacin da motar gawa ta sha kwana.

Wata mata ta fito mata da ruwa a kofin gwangwani. Ta karɓa ta ɗora a kan gwiwa, ba ta sha ba. A bayana faifan birkin yana hucewa, yana ƙas, ƙas, a hankali.