Lalas a Hannun Baba Daudu

Tun kafin Manal ta gama warware tsumman, warin ya doki hancinta. Shekara tara tana aikin jinya a Khartoum kafin yaƙi ya koro ta Gadarif, amma sai da ta kau da kai, ta toshe hanci da gefen mayafi.

A wuyan hannun Baba Daudu, dattijon da ya ba iyalinta ɗaki, ƙuna uku ce a jere, duk sun yi ruwa, an kuma dafka musu jiƙaƙƙiyar taba.

"Baba, wa ya yi maka wannan ƙazanta?"

"Wani gwani ne a Simsim, 'yata. Tun yankan riɗi yatsuna suke mutuwa, ina jin kamar kiyashi na yawo a ciki, har lauje ya riƙa suɓuce mini. Ya ce jini ne ya kwanta, ya gasa ƙusa ya yi mini lalas."

Ta ja tsaki, ta jawo ruwan gishiri da auduga. "Jini! Wataƙila riƙon lauje ne ya danne jijiya, ko daga wuya abin ya taso, ko ciwon sukari ne. Ya gwada jininka?"

"Kar ki zage shi, ya iya aikinsa," in ji tsohon, har da murmushi. "Wallahi ƙusar ta yi jawur, ina jin ƙaurin namana, amma ko zafi ban ji ba."

Manal ta tsaya da audugar a hannu, ta dube shi.

"Baba, ai rashin jin zafin shi ne ciwon. Sa takalminka, mu tafi asibiti."