Saƙo Zuwa Makahon Doki

Kwana biyu ke nan kofin Baba Aruna na rataye a ƙusa, kuma tun jiya Garzali ya lura. Ya tsaya a kicin ɗin da su goma sha ɗaya suke girki, a hawa na uku na wani tsohon bene a unguwar Al Muntazah, cikin Doha. Ruwan shayi na tafasa, shi kuwa idonsa na kan kofin.

"Kofin mashaya kake kallo?" in ji Zulkiflu, ƙanin matarsa, yana ɗaura takalmin gadi. "Yalla, yi sauri, bas ɗinka na jira. Ko ɗanɗanawa za ka yi?"

Garzali ya sauke ruwan shayin. Wata guda ke nan da ya daina zama da tsohon, tun ranar da Zulkiflu ya ce, wai cikin wasa, zai gaya wa yayarsa Talatu mijinta ya yi aboki ɗan gidan giya. Mai 'ya'ya biyar a Zariya, wanda babbarsu ta kai a fara bincikar halin ubanta, ba ya ɗaukar irin wannan a wasa.

Baba Aruna mutumin Zangon Kumasi ne, yana shara a wani sito. Kafin Doha ya yi shekara goma sha tara a wani ƙauyen Ingila yana wanke kofuna a gidan giya, har ranar da aka kama shi ba takardar zama. Ya rantse ko ɗigo bai taɓa sha ba. Ba wanda ya ƙaryata shi, ba kuma wanda ya ci kwano ɗaya da shi.

Shi ya buga ƙusar da hannunsa. "A can," ya taɓa ce wa Garzali, "kowane ɗan gida, mai zuwa kullum, da kofinsa a rataye saman kanta. In kofi ya kwana biyu ba a sauke ba, maigidan zai aika a buga ƙofar mutum. Nan kuwa sai wari ya fito."

Garzali ya sauka har ƙasa, ya tsaya, ya sake hawowa. Ɗakin tsohon ɗan sito ne a ƙarshen baranda, ko taga babu. Ya buga sau uku, sannan ya sa kafaɗa.

Baba Aruna na kwance tsakanin gado da bango, ɓarin jikinsa ya shanye, leɓensa ya bushe. Idonsa a buɗe.

"Ka makara, Direba," ya ce, maganar na fita da ƙyar. "Da maigidanmu ne, ya sallame ka."

Ranar Juma'a bayan masallaci Garzali ya je asibitin da aka kwantar da tsohon, ya ce wa mutanen ɗaki kasuwa za shi. Ba kowa a gefen gadon. Bakin tsohon ya karkace, amma surutu yake ji.

"Makahon Doki sunan gidan giyar. Hoton dokin na lilo a ƙofa, don mutanen da ba su iya karatu ba, hoto suke bi. Shekara ɗari huɗu, Direba. Masu keken doki ke yada zango a wurin. Rufin gajere, sai ka sunkuya. Wutar murhun, sun ce tun da aka hura ba ta taɓa mutuwa ba. Ƙarya ne, ni nake hura ta kullum da safe."

Ya yi dariya har ta zama tari. Garzali ya tallafe masa kai, ya ba shi ruwa.

"Suna da fatalwa ma. Wai wani mai keken doki da sanyi ya kashe a bakin ƙofa, shi ke jan kujeru. Ni ke share wurin ni kaɗai, ban taɓa ganinsa ba. Ina jin Ayatul Kursiyyu yake tsoro."

Ya nuna aljihun rigarsa da haɓa. Garzali ya zaro wata takarda da ta yi laushi don ninkewa, da lambar waya a jiki.

"In ɗan gida ya mutu, ana kaɗa ƙararrawa, a bar kujerarsa ba kowa ran nan. Ka kira su. Harry suke ce mini."

"Baba, ka riƙe kalmar shahada, ka bar zancen nan."

"Na riƙe. Allah ya san da ni. Su nake so su sani."

"Iyalinka fa, a Kumasi?"

"Wadda na bari ta gaji da jira. Khalas, shi ke nan." Ya rufe ido. "Ka yi alkawari."

Garzali ya dubi ƙofa kamar wani zai shigo. "Na yi."

Ranar Lahadi kafin azahar Baba Aruna ya cika. Mutum shida suka sallace shi, huɗu daga ciki 'yan Bangaladash ne da ke jiran tasu gawar. Zulkiflu ya ce yana bakin aiki.

Bayan rasuwar, takardar ta ƙara kwana uku a aljihun Garzali. Da wayar nan tasa yake kiran 'yarsa Na'ima ya ji inda ta tsaya a hadda. Da ita kuma zai kira gidan giya ya yi sanarwar mutuwar Musulmi? In aka gani fa? Sau biyu ya ciro takardar a bakin kwandon shara, sau biyu ya mayar.

Ranar Laraba bayan la'asar ya sauke ma'aikata a Mu'aither, ya ajiye bas a inuwar wata katanga, ya kashe inji. Ya danna lambar.

Wata yarinya ta ɗauka. Bayanta hayaniya, da ƙarar cokula. Garzali ya tattaro ɗan Turancinsa na kan hanya. Ya ce daga Doha yake kira. Ya ce Harry ya mutu.

"Harry wanne?"

"Mai wanke kofi. Baƙi, ɗan Gana. Shekara goma sha tara."

"Dakata."

Ta ajiye wayar. Ya ji tana ɗaga murya tana tambaya, ya ji sunan sau biyu. Wani ya ce wani abu, aka yi dariya, wataƙila a kan wata magana dabam. 

Ta dawo. Ta ce ya yi haƙuri, shekararta biyu kawai a nan, tsohon maigidan ya rasu tuntuni, kuma cikin na zaune ba wanda ya san shi.

"Ƙararrawa fa?" in ji Garzali. "Ya ce ana kaɗawa."

"An cire ta lokacin gyara." Sai ta tambaya, "Kai ɗansa ne?"

"Maƙwabci."

"Tsofaffin garin sukan zo cin abinci ranar Lahadi. Akwai allon da muke rubuta abincin rana a bakin ƙofa. Bari in sa sunansa a ƙasa, ko wani zai tuna. Yaushe ya rasu?"

Ya faɗa mata. Ba ta kashe wayar ba, da ita ta tafi. Hayaniyar ta yi baya, ya ji an buɗe ƙofa, ya ji ruwan sama na sauka a can.

Garzali ya zauna cikin bas mai kujera talatin, ba kowa sai shi, waya manne da kunne, yana sauraren alli na tafiya a kan allo.