Autan Akwatin Baba

Kunyar tambaya cuta ce, ƙanwar girman kai uwa ɗaya uba ɗaya. Mai ita ba lallai ya zama mugu ba, amma sai ta ci masa abin da ya fi so kafin ta sake shi.

Wani bakanike ya rasu ya bar 'ya'ya uku, da gareji, da wani ɗan akwatin katako da bai wuce tafin hannu ba. A ciki akwai ƙarafa uku na yanka zare a ramin noti, waɗanda makanikai ke kira tab. Kaurinsu ɗaya, baki ne ya bambanta. Na farko mai tsini, shi ke buɗe hanya. Na biyu ya bi sawunsa. Na uku bakinsa a gundule, shi ke kai zare har gindin rami. Marigayin ya raɗa musu sunayen 'ya'yansa: Babba, Ta-Tsakiya da Auta. Yakan ce, "Auta ba ya shiga rami sai yayyensa sun wuce."

Babba ne ya gaji aikin zare. Auta kuwa gwanin gyaran giyar mota ne, kuma yana jin ciwon inji da kunne. Haka suka yi shekara ashirin, har ranar da ɓarin jikin Babba na dama ya shanye. Tun daga nan sai dai a zaunar da shi a wata tsohuwar kujerar mota bakin ƙofa, gareji ya koma hannun Auta. Ga furfura a gemunsa, amma duk mai motar da ya zo sai ya ce, "Babba ya gani kuwa?" Maganar nan tana sukarsa kamar ƙaya a takalmi. Sai ya ɗaura wa ransa ba zai ƙara tambayar wansa komai ba. Zai gaishe shi, ya gyara masa matashi, ya ɓare masa lemo, amma batun aiki, a'a.

Wata safiya Ta-Tsakiya ta turo tsohuwar motar da take raba ƙwai a shaguna, ruwa na ɗiga daga inji. Auta ya duba, ya ga zaren wani rami ya cinye a murfin famfon ruwa, noti sai juyawa yake a banza.

"Autan Inna, ka nuna wa Yaya tukuna," in ji ta.

"Haba Yaya, ramin noti ɗaya? Ki je ki sha shayi, kafin ya huce na gama."

"Bakinka ya fi hannunka sauri tun kana rarrafe."

Ya kwance murfin, ya ɗaure shi a teburin aiki, ya faɗaɗa ramin, ya buɗe akwatin Baba. Nan ya tsaya. Murfin na alminiyam ne. Ya san ana shafa wa tab wani abu, amma wanne? Kwalabe biyu ne a kan kanta, babu rubutu a jikin kowace. Tsakaninsa da mai amsar taku goma ne. Ya saci kallon ƙofa, ya ga wani mai babur na hira da Babba. Sai ya ce a ransa, ƙarfen da ya yi laushi kamar sabulu, me zai yi da mai? Kuma ina dalilin shiga uku a rami ɗaya? Ya tsallake biyu, ya ɗauki na ukun, ya kafa shi a bushe.

Juyi uku na farko lafiya. A na huɗu tab ya yi nauyi. Ƙarfe yana magana, ga mai kunne: cewa yake a koma baya a zubar da ɓarɓashi. Auta ya ciji leɓe ya ƙara ƙarfi. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Ƙas!

Rabi a hannunsa, rabi a cikin rami. Hirar bakin ƙofa ta tsaya. Babba bai ko waiwayo ba. Da harshensa mai nauyi ya ce, "Wanne ne a cikinmu?"

Auta ya ce, "Ni ne, Yaya."

"Kawo in gani."

Ya kawo murfin ya durƙusa. Babba ya shafa bakin ramin da babban yatsan hagu. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi.

"Injin huji ba ya cin tab, ya fi shi tauri. In ka buga, murfin ya tsage, irinsa kuwa ya ƙare a kasuwa. Aika a sayo alif, wanda ake sa wa ruwa ya kwanta. A dafa murfin a ruwansa. Alif na cin baƙin ƙarfe, ba ya taɓa alminiyam."

"Ya cinye shi ke nan? Na Baba ne fa."

"Motar 'yar Baba ce kuma. Ka zaɓa."

Auta ya sunkuyar da kai, ya je gida ya aro tukunyar alminiyam. Matarsa ta biyo shi har ƙofa tana cewa, "Wace irin miya ce wannan da ba a gayyace ni ba?"

Kwana uku ana hura gawayi, daga buɗe gareji zuwa rufewa. Auta na tsugune yana kallon 'yan ƙananan kumfa suna fitowa daga ramin, ruwa yana baƙi. Ƙarfen da ya girme shi yana narkewa a gabansa. Ta-Tsakiya ta zo da niyyar tsiya, ta ga idonsa, sai ta ajiye musu dafaffen ƙwai ta tafi.

A rana ta uku rami ya fito fes. Aka sayo sabon tab na ƙarshe. Auta ya jawo teburin har gaban kujera, ya ɗauko kwalaben nan biyu.

"Yaya, wanne?"

Babba ya sansana. "Wannan kananzir ne, na alminiyam. Wancan mai kaurin na ƙarfe mai tauri. Ƙarfen zubi kuwa a bushe ake yanka shi. Fara da ni."

Auta ya kafa na farko. Babba ya ɗora hannunsa mai rai a kan wuyan hannun ƙanensa. "Rabin juyi gaba. Tsaya. Koma kaɗan. Ka ji ya saki? Ɗiga kananzir." Haka har ukun suka wuce, noti ya shiga kamar an haife shi a wurin.

Babba bai janye hannunsa ba. Ya ce, "Shekara biyu ina zaune a kujerar nan. Lemo na sha, Allah ya yi maka albarka. Amma tambaya nake jira, Auta. Hannuna ne ya mutu, ba ni ba."

Auta ya juya fuska wajen bango, wai hayaƙin gawayi ne.

To, ga abin da ƙin yin taku goma ya ci masa. Kwana uku na aiki. Tukunyar matarsa, wadda ba ta ƙara ganin miya ba. Shaguna biyu da suka koma wa wani mai ƙwai, har yau yayarsa na yi masa gori. Tab ɗin da ubansa ya raɗa wa sunansa. Sabon bai cika gurbin ba, in an ɗaga akwatin sai ka ji yana kwaramniya. Da shekara biyu da ya yi bai ɗebi ilimin wansa ba, waɗanda ba a sayar da su a kowace kasuwa.