Allon da Ba a Goge Ba

Malamar Fiziks ta tashi daga bencin ƙofar ofishin shugaban makaranta, ta zauna, ta sake tashi. Maigidanta ba aiki, ga yara uku, yau kuma nata aikin ke lilo.

Allo ne ya ja mata. Dokar makarantar, kowane malami ya goge allonsa kafin ya fita. To ranar Talata, bayan an kaɗa ƙararrawa, wata ɗaliba da ake kira Sarkin Tambaya ta tsare ta: "Malama, duniyar nan da taurarinta daga me suka fito?"

Ita kuwa Malama, a taɓo mata fiziks, an gama da ita. Ta ce masana na ganin ƙarfin da ke cikin taurari ƙari ne, ƙarfin da ke janyo su ga juna ragi ne, in aka haɗa sai su cinye juna. Don haka ba mamaki komai ya ɓullo daga babu. Ta rubuta "Jimillar komai = 0", ta ruga wani aji ba ta goge ba. Malamin addini ne ya shigo bayanta, ya gani, magana ta kai kunnen iyaye.

"Iyaye sun sa ni gaba, Malama," in ji shugaban, bayan an shigar da ita.

"Yallaɓai, ni fa ban ce babu Mahalicci ba. Lissafi yadda aka yi yake nema, ba wanda ya yi ba."

"Na sani. Amma su ba wannan suka ji ba. Ki je ki ce wa yaran kuskure kika yi, magana ta mutu. In ba haka ba..." Ya dubi ƙofa.

Ta je. Shugaban ya tsaya ta taga, hannu a baya. Ta ce kuskure ta yi, su manta da zancen. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba a gaban yara.

Sai Sarkin Tambaya ta ɗaga hannu, fuskarta ba wasa.

"Malama, mu fa yanzu wanne za mu riƙe, na Talata ko na yau?"

Shugaban ya yi gyaran murya. Malama ta tuna yaranta uku. Ta dubi yarinyar, wadda har ta buɗe biro tana jira.

"Na Talata," ta ce, ta shiga tattara littattafanta.