Ranar da Kofur Datti Ya Danna Sakata

"Baba, ka buɗe. Rabi ce fa a ciki, ka buɗe!"

Muryar Safara'u ce ta fito da ni da kumfar wanki a hannu. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Dutse Uku. Na tarar da ita tana dukan ƙofar ɗakin mahaifinta, Kofur Datti. Tun safe masu fasa dutse suke tayar da nakiya a bayan unguwa, shi kuwa zazzaɓi ya juya masa kai. Ya ja jikarsa ciki, ya ɗauki adda, ya danna sakata.

Duk layin mun san labarinsa. Shekarar da fara ta cinye geron ƙauyensu ya tako da ƙafa har bariki, don ya ji soja na cin abinci sau biyu a rana. Aka kai shi dajin ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya. Ya dawo da tari da kunne ɗaya mai ji, ya yi ta gadi a kamfanin kuza har ƙarfi ya ƙare.

Nakiya ta sake tashi. Rabi ta fasa kuka, sai kukan ya ɗauke lokaci guda.

"Shiru," muka ji ya ce. "Suna kusa."

Maza suka ɗauko taɓarya za su ɓalle ƙofar. Livinus kafinta ya tare su.

"Kun fasa, zai sara. Bai san kowa yanzu."

Shi ma Livinus tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa a ɓangaren da ya yaƙi gwamnati, abin da ba ma tayarwa a unguwa. Ya durƙusa, ya kai baki jikin katako.

"Oga Kofur, canjin gadi ya zo. Oda ya ce yara su fara fita."

"Wace bataliya?"

Safara'u ta damƙe hannuna.

"Naka, oga."

Sakata ta yi ƙara. Rabi ta fito a guje, ko ƙwarzane babu. Datti ya miƙa addar ta wajen ƙota, ya zame ya zauna a dokin ƙofa.

"An kawo abinci?" ya tambaya.

Na dama masa kunu. Ya sha rabi, ya kwanta. Kafin la'asar ya cika.

Da aka fito da makara, Livinus na tsaye a tsallaken titi, garin katako a gashinsa, hannuwa a miƙe jikin cinya. Bai motsa ba har suka sha kwana.