Kaburbura Uku a Tozai

Ban samu jana'izar mahaifina ba. Ya cika da hantsi a Tozai, aka sa shi kafin azahar, ni kuwa a lokacin ina tashar Sabon Birni ina lallashin ɗan kabu-kabu. Ko da na iso, ruwan sama ya riga ni, ya yi abin da zai yi ya wuce.

Inno, mahaifiyata, ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi in je in tsaya a kansa in yi masa addu'a, in dawo in gaya mata daidai inda yake kwance, tunda ita ba ta shiga maƙabarta. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na saba faɗin haka kafin abu ya gagare ni.

Mutum uku suka raka ni, kowannensu ya kama makara da hannunsa. Baba Bawa, wanda suka yi yaƙin basasa tare, har yau Saje yake ce masa. Shafi'u, da ya yi aiki ƙarƙashinsa a ƙaramar hukuma, Akawu ya sani. Is'haƙa kuwa tsohon ɗalibinsa ne, ga furfura a gemu, amma in zai ce Hedimasta sai ya rage murya.

Sababbin kaburbura uku muka tarar a jere kusa da wata aduwa. Ruwa ya daidaita ƙasarsu, ya kwashe rassan da aka kafa don shaida. Ba wanda ya yi shakka. Kowa ya nufi nasa ya tsaya, aka bar ni a tsakiya da hannuwa a buɗe.

"Nan munka sa shi, Usmanu," in ji Baba Bawa. "Dubi tsawon wurin. Saje dogo na."

Shafi'u ya ce a gafarce shi, Akawu gajere ne, hula ce ke ƙara masa; shi da ya daɗe yana miƙa masa fayil ai ya sani. Aka juya ga Is'haƙa. Ya ce shi gaskiya bai taɓa kallon Hedimasta sama da takalmi ba, amma dai a nan ya ji gabansa ya faɗi.

Sai duk suka zuba mini ido, wai ni ɗansa in raba gardama.

Mutumin da nake tunawa yana cika ƙofar aji, har haske ba ya shiga. Wanda na durƙusa wa da Sallar bara kuwa, da ya miƙe, kafaɗata ya kawo. Na dubi kaburburan, su ma duk tsawonsu ɗaya a idona.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya na yi addu'a, kowane na ce masa Baba. Biyu daga cikinsu sai su yi haƙuri da ni.

A hanya na shirya wa Inno ƙarya mai kyau, na tsakiya za ni ce. Da na zauna gabanta sai gaskiya ta kuɓuce mini. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta tambaya ko akwai inuwa a wurin. Na ce da la'asar aduwar tana rufe su duka uku.

"To ya isa," ta ce.

Na tambaye ta dogo ne ko gajere.

"Ya danganta da wanda yaz zo gaishe shi," in ji ta. Ta tura mini kwanon fura.