Tankin Ruwan Malama Labiba

Duk Zongon Kwatano an san Fatima Zahra'u 'yar Alhaji Muhuyi mai manyan motoci ce, amma in zancen lissafi ake yi, to 'yar Malama Labiba ce. Ita ta koya mata raba lamba tun tana da giɓi a baki. Shekarar da malamai suka yi yajin aiki aka rufe lekol, wato makarantun boko, kaf, a tsakar gidan Labiba yarinyar ta yi karatu, gaban wani allo da aka jingina da randa. Labiba kuwa ba ta iya ɓoye alfahari ba. Ko gidan suna ta je, sai ta san yadda ta jawo hira ta kai kan Zahra'unta.

To, sai zamani ya juya. Aka yi babban taron ƙasa, aka yi zaɓe, jaridu suka cika titi, ƙungiyoyin waje suka yi ta shigowa. Ɗaya daga cikinsu ta zo da burs, wato karatu kyauta a ƙasar waje ga wanda ya ci jarrabawarta. Jarrabawar kuwa wata iri ce. Ba a ce ka fitar da amsa ba. Tambaya za a ba ka da bayanai, kai kuma ka faɗi ko bayanan sun isa a warware ta, ko ba su isa ba.

Mutum ɗaya ta san kan wannan abu: Saoudatou, wadda suka yi aji ɗaya da Labiba, ta je Akara ta dawo da tabarau da Ingilishi, ta buɗe ajinta a unguwar Sainte-Rita. Alhaji Muhuyi bai nemi shawarar kowa ba, ya fara ɗora 'yarsa a zemijan, wato babur ɗin haya, duk Talata da Alhamis ana kai ta can. Sauran ranaku ne na Labiba.

Wayyo, kishi! Labiba ta ji shi har a haƙoranta. Saoudatoun da ta sha kwafar amsa a littafinta? Abin da ya fi ci mata rai shi ne yadda bakin yarinyar ya canza. Da an rubuta tambaya a allo, maimakon ta ɗauki alli, sai ta karkata kai.

"Tanti Saoudatou ta ce kafin a taɓa lissafi, a fara duba ko abin da aka bayar ya isa."

"Tanti Saoudatou ta ce, Tanti Saoudatou ta ce! Mu a zamaninmu in an ba ka tambaya, amsa ake nema. Wannan 'bai isa ba' ai mafakar rago ce."

Zahra'u ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Malama."

Ana saura kaɗan a yi jarrabawa, Labiba ta zauna ta ƙulla abinta. Ta ɗauko wata tsohuwar tambaya ta tankin ruwa mai kusurwa huɗu: famfo yana zuba lita ashirin a minti ɗaya, tanki ya cika cikin awa biyar, ana son a san girman bangon ciki da za a shafe da siminti. A asali an ba da tsawon tankin da faɗinsa. Labiba ta cire su. Abin da ya rage zai gaya maka yawan ruwan da tankin ke ci, shi ke nan. Tanki dogo siriri da tanki gajere mai faɗi suna iya cin ruwa ɗaya, simintinsu kuwa ba ɗaya ba.

Dabararta ke nan: Saoudatou za ta duba ta ce bai isa ba, ita kuma ta tsaya gaban allo, ta silalo da tsawon da faɗin cikin layukan lissafi kamar fito da su ta yi, ta buga amsa. A lokacin yarinya za ta gane wace ce malama.

"Ungo wannan," ta ce wa Zahra'u. "Tana da amsa, ni da kaina na fitar da ita. Kai wa Tantin taki, mu ga ƙwarewar Akara."

Yarinyar ta karɓa da hannu biyu.

Talata ta wuce, Alhamis ta wuce, shiru. Zahra'u tana zuwa, tana yin aikinta, amma ba ta ta da zancen tanki. Labiba ta lura ta rame, idanunta sun faɗa, ta kuma daina karkata kai tana cewa a duba ko ya isa. Wallahi daɗi ta ji. Ta ce a ranta tambayar ta shaƙe Saoudatou, kunya ce ta hana a dawo da ita. Ta bar su, tana jiran ranar da za a zo mata da kai a ƙasa.

Aka yi jarrabawa a wata makaranta a unguwar Agontinkon. Ranar da aka karanto waɗanda suka ci a rediyo, rabin lungun ya taru a ƙofar gidan Alhaji Muhuyi. An kira yara biyu daga ajin Saoudatou. Ba a kira Fatima Zahra'u ba. Labiba ta yi baƙin ciki, gaskiya ta yi, amma can ƙasan zuciyarta wani abu ya ce mata: ga shi nan, sun ɗauke mini yarinya sun lalata.

Bayan la'asar sai ga sallamar Zahra'u. Ta durƙusa ta gaishe ta, muryarta a dishe saboda kuka.

"Haƙuri za ki yi, 'yata," in ji Labiba. "Ai na faɗa. Ita Tantin taki me ta ce a kan tankin nan?"

"Ban kai mata ba, Malama."

"Ba ki kai ba?"

"Yaya zan ɗauki tambayarki in kai wa wata? Sai a ce Malamata ta kasa koya mini. Na ce ni zan yi ta da kaina in kawo miki." Ta share ido da bakin mayafi. "Da na fara dubawa, sai na ga kamar bayanin bai isa ba. Amma kin ce tana da amsa. Na yi ta yi, na yi ta yi, har abinci na daina ci. Sai na gane idona ne ke yaudarata. In na ga abu kamar bai isa ba, to ni ce ban iya ba."

Labiba ta ce, "A jarrabawar fa?"

"Sun fi goma waɗanda na ga kamar ba su isa ba. Hannuna har ya kai wajen, sai in tuna tankinki, in zaɓi cewa sun isa. Ko ɗaya ban rubuta 'bai isa ba' ba."

Can a titi wani zemijan yana ta danna oda. Burs ɗin nan sau ɗaya ake shigarsa, Labiba ma ta sani.

Zahra'u ta tashi, ta goge allon nan tas da tsumma, ta rubuta tambayar daga ka, ba ta manta ko lamba ɗaya ba. Sannan ta juyo ta miƙo allin da hannu biyu.

"Baba ya ce gobe zan fara zama a shagon Inna. Don Allah, Malama, kafin in tafi, ki nuna mini inda na ɓata."